Sukuru ya karye a cikin firam ɗin ƙofa, yaya za a fitar da shi ba a ɓata katako ba?

Tambaya daga wani mai karatu a Idi-Araba, Legas:

"Assalamu alaikum. Ina zaune a gidan haya. Ƙofar ɗakina ta fara jan ƙasa, sai na ce bari in canza hinjis ɗin sama da kaina tunda ya yi tsatsa. Sukuru biyu sun fito lafiya. Na uku na murɗa da ƙarfi sai na ji ƙas, kan ya biyo sukundireba, sauran ya zauna a cikin firam. Na huɗu kuma bakinsa ya cinye, sukundireba sai zamewa take yi. Katakon mai tauri ne, maƙwabcina ya ce iroko ne. Ba na son in ɓata wa mai gida ƙofa ya ce sai na biya. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da fama, ɗan'uwa. In na fahimce ka, matsala biyu ce a gabanka, kowacce da maganinta. Akwai sukurun da kansa ya fita ya bar gangar jikinsa a cikin katako, akwai kuma wanda kansa yana nan amma wurin da sukundireba ke kamawa ya lalace. Da na biyun za ka fara, domin sai hinjis ya rabu da firam za ka ga ainihin inda na farkon ya karye, kuma inda ya karye shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

Kafin komai, ajiye sukundirebar nan. Duk murɗawar da ka ƙara yi a bakin da ya cinye, ƙara sassaƙe shi kake yi. Ka samo guntun katako ko kwali ka ninka ka cusa a ƙarƙashin ƙyauren ya ɗauke nauyinsa. Ƙofar da hinjis ɗin samanta ya saki, janta yana rataye ne a wuyan sukurun da ya rage, yana jan sa gefe, kuma sukurun da ake ja ba ya yarda ya juya. In da mai kama maka, gara ma ku kwance hinjis ɗin ta ɓangaren ƙyauren, ku sauke ƙofar ku jingine ta a bango. Sai dai ka fara da safe. Legas ba garin da mutum zai so magariba ta yi masa ɗaki ba ƙofa ba ne.

Abin da ke karya sukuru a Legas

Ni a Zariya na koyi kafinta, kuma can abin da ya fi damun mu shi ne sakewa. Hunturu ya shigo, katako ya bushe ya tsuke, kujera ta fara rawa, a kawo mana mu ɗaure. Da na dawo Agege sai na tarar da akasin haka. Nan sukuru ba sakewa yake yi ba, kamewa yake yi. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, da damina danshinta yakan haura kashi 80 cikin ɗari, ga gishirin teku a cikinta. Sannan katakon kansa sau da yawa ɗanye ake aiki da shi. Duk wanda ya bi ta gadar Third Mainland a shekarun baya ya leƙa wajen Oko Baba a Ebute Metta ya taɓa ganin gumaguman itace jere a kan ruwa suna jiran injin yanka. A yanka yau, jibi yana kasuwa, mako mai zuwa ya zama firam a ɗakin wani. Sukurun da aka ɗaura a irin wannan katako, tun daga ranar farko a cikin lema yake kwana.

Tsatsa kuwa ɓarna biyu take yi a lokaci guda. Tana cin ƙarfen yana sirancewa, musamman a wuya, daidai ƙarƙashin kai inda iska da danshi suke haɗuwa. Kuma ita tsatsar ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka tana kumbura ta cika ramin, ta manne tiredin, wato zanen da ya kewaye jikin sukurun, da naman katako. Shekaru suna tafiya katakon yana bushewa yana ƙara tauri yana ƙara riƙo. Ka zo da sukundireba kana murɗa kai, gindi ya kafe, wuya ya sirance. Inda zai yanke ke nan.

Iroko, wanda mu muke ce wa loko, yana ƙara wa abin nauyi. Katako ne mai kyau, gara ba ta cika damun sa ba, shi ya sa ake son sa a firam. Amma ba ya buɗa wa sukuru hanya kamar yadda obeche ko malaina suke yi. Wani lokaci ma akwai wani farin abu kamar dutse a cikin namansa, mai dakushe zarto. In ba a fara huda masa rami ba, sukurun tun wajen shiga yake murɗewa ya raunana, ya zauna a haka shekara da shekaru yana jiran wanda tsautsayi zai kawo.

A nan dole in faɗi laifinmu, mu kafintoci. Da yawanmu guduma muke sa wa sukuru. A buga shi kamar ƙusa har ya kusa nutsewa, sannan a ba shi murɗa biyu don mai aiki ya ga an taɓa sukundireba. Sukurun da aka buga yakan tanƙware a ciki, kuma tanƙwararren abu ba zai juya a miƙaƙƙen rami ba. Laifi na biyu shi ne baƙin sukurun nan mai arha da ake sayarwa a kwali ko a auna. Don allon silin da bangon jifsam aka yi shi. An gasa ƙarfensa ya yi tauri ƙwarai don ya huda da kansa, to amma taurin nan ya sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle kamar tangaran. Bai dace da hinjis ba ko kaɗan, amma shi ne a ƙofofin rabin gidajen hayar da nake shiga.

Don haka ɗauko kan nan da ya biyo sukundirebarka ka duba wurin karayar a haske. In baƙi ne, karayar kuma ta fita sumul, toka-toka, to gasasshen ƙarfe ne, kada ka ko yi tunanin huda guntun da ya rage a cikin katako da diril. In wurin ya murɗe yana ƙyalli, ƙarfe ne mai laushi. In kuma jar tsatsa ta ci har tsakiya, to abin da ya rage a ciki ma ruɓaɓɓe ne, kana kama shi zai marmashe.

Mai cinyayyen baki

Fara da duba sukundirebar kanta, don sau da yawa ita ce mai laifin. Sukuru mai baki huɗu, wanda a kasuwa ake ce wa sita, iri biyu ne masu kama da juna. Akwai Phillips, akwai Pozidriv. Na biyun za ka gane shi da wasu 'yan siraran zane guda huɗu a tsakanin manyan tsagogin. A jikin bakin sukundireba mai kyau za ka ga an rubuta PH2 ko PZ2, kuma lamba 2 ita ce daidai da yawancin sukurun hinjis. In ka sa PH a kan PZ, ko ka sa lamba 1 inda ake son 2, zai shiga kamar ya zauna, amma kana matsawa zai haura ya gwaguye bakin.

Ka sami wadda ta dace, sabuwa mai kaifin baki. Ka ɗauki allura ko bakin ƙusa ka ƙwaƙule fenti da tsatsar da suka cika tsagar, don sau tari rabin zurfin bakin a cike yake da datti. Ka kafa sukundirebar a miƙe, ka buga gindinta da guduma sau uku ko huɗu, bugu mai ɗan nauyi. Bugun yana zaunar da ita a sabon ƙarfe, yana kuma girgiza tsatsar da ke ƙasa. Sai ka danna da ƙirjinka, dannawa ta fi murɗawa yawa, ka fara juyawa dama kaɗan kamar za ka ƙara ɗaurewa, sannan ka dawo hagu. Wannan 'yar gaba da bayan ita ke fasa riƙon. In ya motsa ko da kaɗan ne, kada ka yi zumuɗi. Rabin juyi hagu, kwata dama, haka har ya saki jiki.

Za ka ji ana cewa a shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kan bakin kafin a sa sukundireba. Tana aiki a sukurun rediyo ko na durowa da bai kame ba. A iroko mai tsatsa, ɓata roba ne kawai. Haka nan mai. Bakanike zai ce ka zuba man birki ko kananzir ko ka fesa WD-40, kuma a wurinsa gaskiya ne, don shi ƙarfe ne a cikin ƙarfe. Katako kuwa shanye man yake yi kafin ya kai gindin sukuru, ya bar tabo, kuma babbar illar ita ce gam ba zai ƙara kama wurin ba, alhali wataƙila gam za ka buƙata nan gaba. Ni ba na kai mai kusa da katakon da zan yi wa toshiya.

Zafi ya fi mai amfani. Ka ari ƙarfen da masu gyaran rediyo da waya ke narka dalma da shi, ka ɗora bakinsa a kan sukurun minti biyu ko uku. Ƙarfen zai ɗan buɗe ya matse katakon da ke kewaye da shi, in ya huce ya koma, sai riƙon ya ragu. In babu wuta, wadda ba abin mamaki ba ne, ka riƙe ƙusa inci shida da filaya ka gasa kanta a kan risho ko gas har ta yi ja, ka danna a kan sukurun, ka maimaita sau uku. Na taɓa yin wannan da murhun mai shayin bakin layi, shi yana gasa mini ƙusa yana mini dariya. Ka dai share garin katako daga wurin, ka ajiye ruwa kusa, kuma ka bari ya huce kafin ka murɗa.

In duk wannan bai yi ba, to ka tuna hinjis ɗin nan zubar da shi za ka yi, ba ka da abin tausayi a jikinsa. Kana iya sa zarton ƙarfe ka yanka tsaga a kan sukurun, zarton ya ci hinjis ɗin tare, ka sa sukundireba mai faɗin baki. Amma abin da na fi yi shi ne cire kan gaba ɗaya. Bakin diril na ƙarfe mai milimita 5 ko 6, a tsakiyar cinyayyen bakin, wanda dama ya zama rami mai riƙe bakin diril. A hankali, har kan ya rabu da wuya ya fito kamar zobe. Kana ganin haka ka tsaya. Ka ɗaga hinjis ɗin, za ka tarar da ɗan kututture ya leƙo sama da katako gwargwadon kaurin hinjis, milimita biyu ko uku. Wannan ɗan abin da ya leƙo, dukiya ne. Kada ka bari komai ya taɓa shi.

Wanda ya karye

Yanzu hinjis ya fita, ga kututture biyu a gabanka. In akwai abin da ya leƙo, kayan aikinka filaya ce mai kulle kanta, wadda in ka matse take cije abu ba ta saki. Filayar gida ta yau da kullum zamewa za ta yi ta goge ɗan abin da ya rage. In kana da magagari, ka goge gefe biyu na kututturen su yi fale-fale don filayar ta sami wurin zama. Ka cije shi daga gefe, filayar tana kwance a jikin katako, ka sa ɗan kwali a ƙarƙashinta don kada ta kurje firam. Ka gasa shi tukuna kamar yadda na faɗa, sannan gaba da baya, gaba da baya. Kada ka ja, kada ka girgiza shi sama da ƙasa. Juyi kawai. In ya fito kamar milimita biyar, kana iya buɗe wurin da diril yake riƙe bakin huda ka cije kututturen da shi, ka sa injin a baya, a hankali, ya ƙarasa fito da shi.

In ya karye daidai da fuskar katako ko ya ɗan nutse, sai ka sama wa filaya wuri. Siririn kurfi, ko bakin diril milimita 2, ka yi 'yan ramuka kewaye da shi, kusa-kusa, zurfin kamar milimita biyar, ka ƙwaƙule abin da ke tsakaninsu har wuyan ya bayyana. Ramukan nan suna kuma rage katakon da ke riƙe da shi. Wurin zai yi muni, amma sabon hinjis zai rufe.

A nan ne mutane suke garin neman gira su rasa ido. Hankali yana ba mutum cewa ya sa diril a tsakiyar karyayyen sukurun ya cinye shi. To ka duba lissafin. Sukurun hinjis kaurinsa wajen milimita 4 ne, in ka cire tiredi abin da ya rage a tsakiya bai kai 3 ba. Fuskar karayar ba a daidaice take ba. Ƙarfe ne mai tauri, kewaye da katakon da ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, ko da iroko ne. Bakin diril kamar ruwa yake, inda ya fi sauƙi yake bi. Kana dannawa zai zame ya nutse a gefe, ka tashi da ƙaton rami a karkace, sukurun kuma yana nan yana kallon ka.

Akwai wani abu da masu sayar da kayan aiki za su miƙo maka, ekstirakta, mai tiredin hagu. Ana huda ɗan rami a cikin karyayyen ƙarfe, a murɗa shi ciki ta hagu, yana shiga yana cijewa har ya juyo da abin. A babban noti na inji ko na gado yana aiki sosai. A siririn sukurun katako kuwa, ni na daina. Shekarun baya an kira ni wani tsohon gida a Surulere, ƙofar maɗaci ce mai kyau, irin wadda yanzu ba a samu. Sukuru ɗaya ya karye, na ce bari in nuna gwaninta da sabon ekstiraktan da na sayo. Na yi sa'a na huda tsakiya, na sa mafi ƙanƙanta, na murɗa, na ƙara murɗawa, sai ƙas. Ya karye a ciki. Shi kuwa ƙarfensa ya fi na bakin diril ɗina tauri, ba abin da zai huda shi. Dattijuwar mai gidan tana zaune a kujera tana kallo, ba ta ce uffan ba, wanda ya fi mini zafi a kan ta yi faɗa. Aikin minti ashirin ya cinye mini yini, kuma a ƙarshe hanyar da maigidana ya koya mini tun ina yaron shago ita na koma wa.

A bar ƙarfe, a yanki katako

Hanyar ita ce ka daina kokawa da sukurun. Ka yanke ɗan katakon da ke riƙe da shi, su fito tare, ka mayar da sabon katako a wurin. Katako ana toshe shi ya koma kamar ba a taɓa ba, wannan aikinmu ne na kullum.

Abin da ake buƙata ɗan bututun ƙarfe ne mai siririn bango, wanda sukurun zai shige cikinsa a sake. Faɗin waje milimita 8, rami wajen 6, tsawo kamar ɗan yatsa. Sandar tsohuwar lema tana yi, kuma bayan ruwan Yuni da Yuli karyayyun lemomi ba sa wuyar samu a Legas. Bututun mai na mota, na ƙarfe, shi ma yana yi, kasuwar kayan mota ta Ladipo kuwa ba ta da nisa da kai. Ka yanke shi daidai da zarton ƙarfe, ka sa ƙaramin magagari mai kusurwa uku ka fitar da haƙora huɗu zuwa shida a baki ɗaya. Ni nakan karkata haƙoran su ci ta hagu, in sa diril a baya, don wani lokaci bututun yana cikin tafiya sai ya kama sukurun ya warware shi, aiki ya ƙare a nan. Ɗaya bakin da zai shiga diril, ka cusa masa guntun ƙusa ko rodi mai cika ramin, in ba haka ba wajen ɗaurewa zai lotse.

Bututu ba shi da tsini a tsakiya, don haka in ka ɗora shi haka kawai zai yi ta yawo yana zane firam. Ka sami guntun falanki, ka huda shi da baki mai milimita 8, ka daidaita ramin a kan karyayyen sukurun kana leƙawa, ka kafe shi da 'yan siraran ƙusoshi biyu a inda hinjis zai rufe, ko wani ya danne maka da ƙarfi. Ta cikin wannan ramin bututun zai bi. Da ya shiga milimita uku ya kafa hanyarsa, kana iya cire falankin.

Sannu a hankali ake yi. Bututun ba shi da hanyar fitar da gari, don haka kana shiga kaɗan ka zaro, ka hure, ka goge haƙoran, ka koma. In ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi, ka yi sauri da yawa. Ka ɗaure hanci da ƙyalle, garin iroko yana sa atishawa, wasu ma har ƙaiƙayin fata, kuma ka sa tabarau. Sukurun hinjis tsawonsa inci ɗaya ne zuwa ɗaya da kwata, wato milimita 25 zuwa 32. Ka auna da ɗaya daga cikin biyun da suka fito lafiya, ka naɗa salatif a jikin bututun daidai wannan tsawon don kada ka zarce. Sau da yawa ma ba sai ka kai ƙarshe ba. In ka kai rabi, ka sa siririyar sukundireba a tsagar ka ɓalle katakon da ke jikin sukurun, ka kama shi da filaya mai dogon baki, za ka ji ya juya, tunda rabin riƙonsa ya tafi. In ka ji haƙora suna karta ƙarfe, to sukurun a karkace ya shiga. Ka tsaya, ka duba inda ya nufa, ka karkata hannunka ka bi shi.

Da ya fito, ka gyara ramin da baki mai milimita 10 ya zama sumul. Sai toshiya. A nan akwai wani abu da ko kafintoci ba duka suke kula da shi ba. In ka fere ɗan sanda ka buga a ramin, sabon sukurun zai shiga ne ta kan jijiyar katakon, kamar mai cusa tsinke a bakin rake, kuma riƙon wannan wajen ba shi da ƙarfi. Toshiyar kirki ana fitar da ita ne daga fuskar falanki, yadda jijiyarta za ta kwanta daidai da ta firam ɗin. Ka je kasuwar katako ta Amu a Mushin, ko wurin kowane kafinta a unguwarku, ka roƙi guntun iroko ko maɗaci busasshe, irin wanda ake zubarwa. Ka yanko ɗan murabba'i, ka fere kusurwoyinsa da kurfi har ya zama kewayayye, bakinsa ya ɗan fi gindinsa siranta. Ya shiga da bugun guduma mara ƙarfi. In sai ka dage da bugu, ya yi kauri, kuma tunda ramin kusa da gefen firam yake, tsagewa zai yi.

Farin gam na katako, irin su Top Bond, ya isa ga ƙofar ɗaki. Ka shafa a ramin da jikin toshiyar duka. In ƙofar bayi ce ko wadda ruwan sama ke duka, gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi. Gam ɗin takalmi da sufa gulu ba na nan ba ne. Ka bar shi ya kwana, da damina ma ya fi son haka, kashegari ka sare abin da ya leƙo da kurfi ya yi daidai da wurin zaman hinjis. A daren, sukuru biyu ko uku za su riƙe maka ƙofar in ba a yi mata garaje ba.

Ko kuma a ƙyale shi

Akwai lokacin da nake ce wa mai aiki da muguwar rawa gara ƙin tashi. Karyayyen sukurun da ya nutse a cikin katako ba ya cutar da kowa. Damuwar kawai ya tare ramin da sabo zai shiga. To ba dole ne sabon hinjis ya zo da ramuka a daidai inda na tsohon suke ba. Ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu, ka nemi wanda tsawonsu ɗaya amma jerin ramukansa ya bambanta. Ko ka huda sabon rami a jikin hinjis ɗin, milimita 10 sama ko ƙasa da wurin da ya toshe, ka buɗe bakinsa da babban bakin diril don kan sukuru ya nutse. Ko a matsar da hinjis ɗin gaba ɗaya inci biyu, a sassaƙa masa sabon wurin zama a firam da ƙyaure, a cike tsohon da ɗan falanki. Wannan na ƙarshen yana barin alama, kuma tunda gidan haya ne, sai ka gaya wa mai gida ko wakilinsa tukuna. Abin da ba na so shi ne a tura sabon sukuru a karkace a gefen karyayyen. Zai goga da ƙarfe, kansa ba zai zauna daidai ba, ƙofa ta riƙa cijewa, ko shi ma ya karye ka koma gidan jiya.

Ga mai haya da ba shi da diril, wanda kuma hinjis ɗinsa mai rami huɗu ne, in ɗaya ne kawai ya gagara, ni shawarata ya bar shi, ya sa uku masu kyau, dogaye. Amma biyu daga cikin huɗu a hinjis ɗin sama, wannan ba a barin sa, don na sama shi ke ɗauke da jan ƙofar.

Wajen mayarwa

Ramuka biyun da sukurunsu suka fito lafiya, wataƙila sun buɗe, kuma mai yiwuwa su ne asalin abin da ya sa ƙofar ta fara jan ƙasa. Ka tsoma tsinken tsire biyu ko uku a gam ka cusa, ka karye abin da ya leƙo. Sannan kowane rami, har na cikin toshiya, ka fara huda shi da baki mai milimita 3 in sukurun mai 4 ne, zurfin ya kai tsawon sukurun. Ka goga tiredin a jikin kyandir. Wasu sabulu suke gogawa, yana sa santsi, amma yana jawo danshi, a Legas kuwa gayyatar tsatsa ke nan. Ka nemi sukurun katako na gaske mai ruwan zinki, ko sitenles, wato wanda ba ya saurin tsatsa, in ƙofar tana shan ruwa. Sitenles da na tagulla sun fi ƙarfe laushi, don haka ka fara shigar da na ƙarfe mai girmansu ya yanka hanya, ka fitar, sannan ka sa su. Juyin ƙarshe da hannu ake yi, ba da inji ba. Kana jin ya zauna, ka tsaya.

Duk wannan na faɗe shi ne a kan cewa firam ɗin lafiyayye ne, ni kuwa daga nan ba na ganin sa. Ka gwada da kanka: ka danna bakin sukundireba a katakon kewaye da hinjis, da kuma can ƙasa inda firam ya haɗu da siminti. In ya nutse kamar burodi, ko gari ya zubo, ko ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, to ruɓa ce ko gara, kuma ba toshiyar da za ta riƙe a ruɓaɓɓen katako. Wannan ya wuce aikin sukuru ɗaya, sai an yanke ɓangaren an yi masa ƙari ko an canza ƙafar firam ɗin. In haka ne ka ɗauki hoto da waya kafin ka ƙara taɓa komai, ka kira mai gidan ya zo ya danna da hannunsa.